Wasan Ƙarshe a Filin Harlow

Harlow, Ohio
9 ga Satumba

Zuwa ga ƙanena Wendell,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Darlene da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta muku sanyin Alaska. Mu nan da sauƙi, sai Mama da ciwon ƙafa ya hana ta zuwa coci.

Wendell, ƙungiyar ƙwallon besbol ta garinmu ta tashi. An sayar da ita, za a kai ta kudu, filin kuma rushe shi za a yi. Ranar Lahadi aka buga wasan ƙarshe. Ka san shekara ashirin da shida ke nan ba a buɗe wasa a filin nan sai da waƙar da kai da Yaya Russell kuka rubuta a garejin Baba, shekarar da aka rufe masana'antar ƙarfe. Sabbin masu ƙungiyar sun aiko suna son tafiya da waƙar, wai a canja sunan gari kawai. Yaya ya rubuta musu cewa su kwashe kujeru da fitilu, amma waƙa ta mutanen Harlow ce.

Rubutawa ya yi domin ba ya iya magana yanzu. Ciwon daji ne a maƙogwaro, tun bazara ya hana ni gaya maka. Duk da haka ya hau dandali da jitarsa, tare da Gus mai ganga da sauran 'yan ƙungiyarsa ta kiɗan rok, kowa kai fari fat. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Sai wani tsoho ya ɗaga murya daga cikin 'yan kallo: "Kai dai kaɗa, Russ, da ma can ba ka iya waƙa ba." Yaya ya yi murmushi ya kaɗa, jama'a suka ɗauki waƙar har ƙarshe. An ci mu bakwai da ɗaya. Ba wanda ya tashi sai da masu gadi suka fara kulle ƙofofi.

Likita ya ce da wuya Yaya ya ga Kirsimeti. Na san irin maganganun da kuka gaya wa juna ranar da ka ajiye jitarka ka bar gari, ban kuma ce laifinka ne ba. Jiya na tambaye shi ko in kira ka. Ya daɗe riƙe da biro, sannan ya rubuta: "Ba zai zo ba." Ina roƙonka, ƙanena, ka zo ka ƙaryata shi.

Mama da Gus suna gaishe ka. Ka gaishe mini da Darlene, da Cody, da auta Marcy.

Yayarka mai jiran amsa,
Lorraine