Mai Begila a Tsohon Hoto

Inna,

Ina gaishe ku. Yaya Baba da jikin Kaka? Ni ƙalau nake, faretin safe ne kawai ya ɗan kumbura min ƙafa.

Jiya na ɓuya a ɗakin kiɗan makarantarmu ina karanta littafin soyayya, sai na ga hoton ɗaliban 1958. Ga wani kyakkyawan saurayi riƙe da begila, an rubuta "Jatau Wara". Inna, Kaka ne?

Ina son shiga badujalar makaranta, amma Baba ya ce gidanmu ba a busa. Ƙarshen wata za a rufe ɗauka. Ki tambayi Kaka. In shi ne, ya roƙar min Baba. In ba shi ba ne, don Allah kada kowa ya ji na ce kyakkyawa.

Allah ya bar mana ku.

'Yarki,
Zulai'atu