Dutsen Taimamar Baba

Auta,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, sai jikin Baba. Ina Baƙo, dutsensa? Kwana uku ka ce, yau wata biyu. Ka san tun da ya makance, likita kuma ya hana shi taɓa ruwa, da dutsen nan yake taimama. Shekara arba'in yana ajiye da shi, tun ranar da ya faɗo daga sama a gabansa a gona. Kullum sai ya laluba gefen katifa ya ce ina Baƙo, ni kuma in yi ta kame-kame. A gabana ka rantse masa ko ƙwarzane ba za ka yi ba, dubawa kawai za ka yi a ɗakin bincikenku. Ka aiko shi, na gaji.

Yayarka ba ta wasa, ka sani. Sai na ji ka.

Yaya

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba da jiki. Albishir! Baƙo ba dutsen banza ba ne. Irinsa ana kiransu kondirait, wato duwatsun sama masu ƙananan ƙwayoyi a ciki kamar gero, kuma sun girmi duniya. Sai dai ba a ganin ƙwayoyin daga waje, dole aka sa zarto. Ƙa'ida kuma ita ce a bar yanki a ma'ajiya kafin a ba shi suna da lamba. Sun ba shi sunan wurin da ya faɗo, ni kuma an rubuta ni a matsayin wanda ya gano shi. Ga sauran nan na aiko. Gefe ɗaya ne kawai, ki juya masa ɗayan, ba zai gane ba.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Na gaishe ka. Kai ka gano shi? Ba a ma haife ka ba lokacin! Wallahi ka ba ni kunya, kuma ka ja ni ciki, don na juya masa kamar yadda ka ce. Yana ɗora hannu ya zagaya da yatsa har wurin da zarto ya bi, sumul kamar madubi. Ya daɗe yana shafawa, sannan ya tambaye ni:

"Da saninki?"

Tun ranar bai ƙara taimama da dutsen ba. Yanzu ƙasa nake zuba masa a faranti, kuma ba ni yake kira in miƙo ba, maƙwabciya yake kira.

Ka huta lafiya.

Yaya