Filaskon Mota da Gwangwanin da Na Bari a Kibiya

Zuwa ga Mai Girma Manajan kamfanin da ke sayar da maganin wanke inji a jan gwangwani.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ni direban lori ne, mutumin Rano. Daga Makurɗi nake rubuto maka, inda motata ta kwanta tun ƙarshen damina. Waken da na ɗauko ƙwari sun cinye shi. Na daina jin zafin abin, zama kawai nake a inuwarta.

Na farko. Wakilinka ya zo kasuwar Rano, ya ce maganin nan filaskon mota ne, yadda mutum ke sha ya wanke ciki. Ya zuba wa wata mota, ya tsiyaye man, ya fito baƙi ƙirin, muka yi ta kabbara. Ranka ya daɗe, wane man inji ne ke fitowa fari? Ba wanda ya tambaya, har ni.

Na biyu. A garinmu ko tsohuwa ta san ba a ba raunannen dattijo filasko. Motata tsohuwa ce, wakilinka ya gan ta da idonsa, ya buga mata hannu ya ce za ta koma budurwa. Na zuba. Kafin in kai garin Lafiya ta fara hayaƙi da yoyo, a bakin gadar Makurɗi injin ya buga. Bakaniken da ya buɗe ya nuna mini dattin da ya ɓamɓaro ya toshe hanyar mai. Ya ce wannan dattin ne ma yake riƙe da ita.

Ba zan zalunce ka ba. Watakila yana yi wa sabon inji amfani, ban gwada ba. Watakila kuma akwai gargaɗi a jikin gwangwanin, amma da Turanci yake, mu kuwa bakin wakilinka muka karanta.

Ba na neman ka biya ni. Roƙona ka sa a rubuta da Hausa, boko da ajami, irin injin da bai kamata a zuba wa ba. Wakilanka kuma su riƙa nuna motar da ta yi shekara bayan an zuba mata, ba man da aka tsiyaye a take ba.

Abin da ya sa na kai wa jarida wannan wasiƙa shi ne, gwangwani biyu na saya. Ɗayan na ba wana, Malam Idi mai injin niƙa a Kibiya, na ce ya zuba in kaka ta kama. Injin nan ya girmi motata, shi ke ci da gidansa da nawa yanzu. Na aika saƙo ta bakin direbobi, ban ji amsa ba, ga shi an fara yankan dawa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya. Wanda kuma ya karanta wannan a Rano ko Kahu, don Allah ya taka zuwa Kibiya ya ce wa Yaya Idi kada ya buɗe gwangwanin nan.

Wassalam.

Naka,
Garba Direba, tashar mota, Makurɗi.