Langar Gwaggo a Doha

Doha, Nuwamba 2022

Zuwa ga Gwaggo Fatsuma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan ƙafarki ta yi sauƙi. Baba yana lafiya, yana gaishe ki.

Gwaggo, akwai abin da ban gaya wa kowa ba, har Baba. Ranar da kika tambaye ni a waya ina ƙaramar langarki mai jan fure, na kauce wa maganar, kika ɗauka na yar da ita. Ba ta ɓata ba. Kin san bakina ba ya iya magana, shi ya sa na rubuta, zan ɗauki hoton takardar in turo miki.

Shekarun da korona ta hana ni zuwa wurin Baba a nan Doha, kullum jirgi nake mafarki. Amma da ya fara gudu zai tashi daga Kano, sai na ƙanƙame kujera. Na rufe ido ina ta salati, hawaye na jiƙa takunkumina. Sai na ji hannu mai sanyi ya kama nawa, aka ce, "Yarinya, haɗiye yawu, kunnen zai buɗe." Na duba, tsohuwar Baturiya ce, kanta fari fat, tana Hausa irin ta su marigayiya Kaka.

Sunanta Esta, amma ta ce a Fagge Asabe ake kiranta. Bayahudiya ce. A can aka haife ta, babanta fatu yake saye. Tana kamar shekaruna aka sa ta a jirgi ita kaɗai zuwa Landan, jirgi mai farfela da ke kaɗa mutum kamar ana tankaɗe. Auduga aka ba su su toshe kunne. Ta ce ta yi amai tun daga hamada har Tarabulus, inda suka sauka shan mai, kuma ba wanda ya riƙe mata hannu. Bana ne ta koma ganin Kano, bayan korona ta ɗauke mijinta. Jikanta ya ja ta Doha kallon ƙwallo kafin su wuce gida.

Na buɗe langar na miƙa mata kantun da kika yi mini guzuri. Ta ci ɗaya a hankali. Da muka sauka na ce ta tafi da sauran. Ta ce, "To langar fa? Ai ba a mayar da ita haka. Ba ni lambar babanki."

Ki gaida su Ayishatu.

'Yarki,
Na'ima

Kano

Na'ima,

Wa'alaikumus salam. Na ga takardarki, na karanta ta har sau biyu don ban yarda da idona ba.

Ke da ko mai kayan miya ba kya iya yi wa ciniki, sai a sama bakinki ya buɗe? Kika cire takunkumi kina ci da baƙuwa, bayan kin ga yadda cutar nan ta yi da kawunki. Kuma ba kowace baƙuwa ba. Ba kya jin abin da ake faɗa a rediyo game da Falasɗinawa ne? Hausarta ba ta dame ni ba, ko aku yana yi.

Langar nan tana cikin kayan da uwata ta kai ni ɗaki da su. Idan an dawo da ita, duk abin da ke ciki ki zubar, ki wanke ta da kyau, ki ba Malam Masahudu abokin babanki, na ji zai zo gida in an gama ƙwallo. Kada ki je inda matar nan take. Na yi wa babanki magana, ya ce ni na raine ki tun rasuwar uwarki, maganata ce magana.

Ki riƙa sa rigar sanyi, an ce na'urarsu ta sanyaya ɗaki ba ta da imani. Allah ya yi miki albarka.

Gwaggonki

Doha

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Rigar sanyin tana jikina.

Langa ta dawo ranar Juma'a. Jikanta ya kawo ta, fuskarsa duk fentin ƙwallo, yana ce wa direban tasi yalla, wato mu tafi, tun bai gama gaisuwa ba. Burodi ne a ciki, an kitse shi kamar kan amarya, an barbaɗa riɗi. Ya ce shi suke ci in Asabar za ta shiga. Na tsaya da shi a gaban kwandon shara. Na kasa, Gwaggo. Fulawa ce da ƙwai. Na ci, Baba ma ya gutsura yana kallon bango.

Ina jin rediyo. A makarantarmu ta nan akwai wata Bafalasɗiniya, ta nuna mini hoton gidan kakanta da aka rushe, na yi kuka tare da ita. Amma Mama Asabe ba ta rushe gidan kowa ba. Hannuna ta riƙe.

Ƙafarta ta kumbura tun daga jirgi, tana kwance a wani gida da suka kama a unguwar Al-Sadd, jikan kullum yana filin wasa. Ta kira wayar Baba ta ce a ba ni. Ta ce, "Ke mai kuka a sama, kin iya miyar kuka?" A Kano otal suka sauka, ba ta samu ba, kuma ba ta cin naman da ba yankansu ba, sai dai a yi mata babu nama.

Ke kika koya mini cewa in maƙwabciya ta aiko da abu, ba a barin alherinta ya kwana bai sami amsa ba. Kin taɓa mayar da ni gidan su Jidda cikin ruwan sama saboda na kai musu kwano ba komai. Ba ki ce sai in tambayi inda suke salla ba.

Kuka da daddawar da kika sa mini a jaka suna nan. Ban taɓa kaɗa miya ba, ke kike yi ina miƙa miki maburgi. Don Allah ki rubuto mini yadda ake yi.

Na'ima

Kano

Na'ima,

Gaisuwa ce kawai zan amsa, sauran ba zan amsa ba.

Yanzu da maganata za ki ɗaure ni? Su Jidda na san uwarsu, na san kakarsu. Ba zan koya miki miyar da za ki kai can ba. Kuka da daddawa don babanki na sa su, ya rame.

Ki zaɓa. Idan kika taka gidan nan, kada ki ƙara rubuto mini. Langa kuma ta biyo Malam Masahudu.

Fatsuma

Doha, Disamba

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ko ba za ki amsa ba.

Na je. Na gaya wa Baba kafin in fita, bai ɗago daga littafinsa ba, sai ya tura mini katin jirgin ƙasa. Na canza jirgi a tashar Mushairib cikin masu tutoci da ganguna, na rungume langa a ƙirji kada a kifar mini.

Miyar ta yi gudaji, gishiri kuma ya yi yawa. Mama Asabe ta wanke hannu, ta ci da hannu, ta ce, "Wadda ta raine ki ba ta bari kin taɓa tukunya ba, ko? Ta cika sonki." Ta sa na zauna a gefen gado ta nuna mini yadda ake barbaɗa kukar kaɗan-kaɗan ana kaɗawa. Yadda take juya hannu, kamar ke.

Jibi za su tafi. Ta ce jirgi har yanzu tsoro yake ba ta, zan raka ta filin jirgi.

Malam Masahudu ya zo karɓar langa, na ce masa ba ta tashi tafiya ba. In na zo hutu zan kawo ta da hannuna, kuma ba haka za ta zo ba, na koyi kitsa burodin. In za a zubar, ke za ki zubar.

Zan ci gaba da rubuto miki duk Juma'a.

'Yarki,
Na'ima