Kunyar 'Yar Fari a Sterling

Sterling, 3 ga Oktoba 2011

Goggo Salamatou,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya kasuwa? Na ba Yacouba direba takardar nan don bakina ba zai iya wannan magana a waya ba.

Ran Juma'a malamar lakwal, wato makaranta, ta kira mu. Ta ce yarinyar nan ta fi kowa lissafi. Na sunkuyar da kai na ce, “Ai ba ta da wayo.” Maigida ya fassara. Yarinyar ta zo za ta rungume ni, na ture hannunta. Goggo, 'yar fari ce fa! Ashe kuma ta rubuta a aji cewa uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba. Yau ga takarda: ma'aikaciyar kula da yara za ta zo gida ran Alhamis. An ce ƙwace yara suke yi. Watanmu huɗu kacal a ƙasar Turawan nan.

Taki 'ya,
Zeinabou

Wheaton, 4 ga Oktoba

Zeinabou 'yata,

Lafiya lau, kasuwa sai godiya. Na yi dariya har na zubar da garin kuka a kan sikeli, sannan na zauna na sake karantawa. Shi wannan miji naki, wa ya aike shi fassara daidai?

Saurara. Shekarata goma sha tara ina sayar wa mutanen nan kaya. Abin da ba a faɗa da baki ba, a wurinsu babu shi. Karensu ma sai sun gaya masa suna sonsa kafin su fita aiki. Mu wanda muka fi so shi muke ɓoyewa, su kuwa liƙa shi suke a ƙofar firji. To ki liƙa takardun 'yarki Rumasa'u a can, har na bara da kuka zo da su daga gida.

Na tambayi Irene, nas 'yar Jos mai sayen daddawa a wurina. Ta ce ba sa ɗaukar yaro haka kawai. Abinci ma'aikaciyar za ta duba, da wurin kwana, da fuskarki. Ki kalle ta cikin ido, a nan mai kallon ƙasa shi ne mai laifi. Ki ba ta ruwa, in ta ce a'a kada ki nace. Kada ki yi ƙarya, ki gaya mata al'adarmu yadda take. Amma sunan nan sai kin kira shi a gabanta. Shiga banɗaki ki gwada tun yau, ba mai jin ki. Uwarki ba za ta sani ba, ni ma na rufe bakina.

Allah ya rufa asiri.
Goggonki

Sterling, 7 ga Oktoba

Goggo,

Ina gaisuwa. Matar ta zo, ta tafi, ta ce ba za ta dawo ba. Na faɗi sunan. Na ce tana da ƙoƙari, na ce ina alfahari da ita.

Da aka rufe ƙofa, yarinyar ta tsaya ta ce da ni, da Hausarta mai kyau, “Inna, gaskiya ne, ko don matar ne?”

Na ce ta je ta ci abinci. Ta tafi. Har yanzu ban ba ta amsa ba, ita ma ba ta sake tambaya ba.

Ki yi mini addu'a.
Zeinabou