Jirgin Baba a Hanyar Roka

Zuwa ga Baba Elwood,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taka? An karɓe mana wayoyi a sansani, shi ya sa ka ga takarda. Muna zaman jiran umarni ne: ranar da ya zo, awa ashirin da huɗu kacal gare mu mu ɗora tauraron ɗan'adam, wanda bai fi firij girma ba, a kan roka mu harba. Ni aka ba ragamar aikin, kuma ƙarin girmana zuwa Manjo a kansa ya rataya. Jirgin ruwa ɗaya in ya shiga yankin tekun da aka hana shiga, an fasa harbin. Don Allah ka riƙa kunna rediyon jirginka.

'Yarka, Kyaftin Lorene

Lorene,

Ƙafa da sauƙi. Shekara arba'in ina kamun ƙaguwa a gaɓar Virginia. Da, wata guda kafin harbi ake manna sanarwa a shagon bakin ruwa, mutum ya kimtsa. Yanzu kun koma kamar mai zawo. Rediyo kuwa ba na kunnawa, surutun Vernon ƙanen uwarki ya ishe ni. Ki faɗa mini ranar kawai, ba wanda zai ji.

Ubanki

Baba,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Ranar ai ni ma ban san ta ba sai da ta zo. Cikin awa ashirin da uku muka gama komai, ko abinci ban ci ba. Saura minti huɗu aka ce ga jirgi a tsakiyar yanki. Nan take aka fasa harbin, shugabanmu Kanar ya ce a matso da hoton jirgin a allo. Baba, ga sunana ɓaro-ɓaro da jan fenti a jikin jirgin, ga ka a zaune kana cin burodi. Mutum sittin suka juyo suna kallona. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Lorene

'Yata,

Ba ƙaguwa ta kai ni ba. Da safe na ga tankokin mai suna ta shiga sansaninku, na ce yau ce. Sanye nake da rigar coci, na je in ga abin da 'yata za ta harba ne daga kusa. Na yi ta mamakin jirgin sama mai saukar ungulu da ke shawagi a kaina, har hannu na ɗaga masa. Ki yafe wa tsoho.

Ubanki

Baba,

Na yi kuka, na yi dariya. Kanar ya ba ni dama ta ƙarshe. Ya kuma gayyace ka a matsayin babban baƙo: za ka zauna a sansani, da soja biyu a ƙofarka, har sai roka ta tashi.

Lorene

Lorene,

Na amsa, a gode wa Kanar. Kada ki damu da tarkunana, na bar wa Vernon jirgin zai riƙa zagayawa kullum. Kin dai san kunnensa ya mutu tun bara.

Sai na zo,
Ubanki