Sakinatu Ta Ƙi Cin Tsire

Maijidda,

Jirgi ya kawo shanu, na tafi tasha, ban iya jiran dawowarki daga Anacha ba.

Ashe duk Lahadi Sakinatu na bin 'yar Ba'indiyen nan mai kantin yadi zuwa ajin da Indiyawa ke koya wa yaransu addininsu. Jiya ta durƙusa ta taɓa ƙafata, wai haka ake girmama uba. Na miƙa mata tsire, sai kuka, wai saniya uwa ce, don me nake yanka ta? Na daka mata tsawa. Salla kuwa ba ta fasa ba. Na rasa gane kanta.

Kada ki doke ta. Ki dafa mata wake, da yunwa ta kwana. Tambayarta kuma, har yanzu ban san me zan ce mata ba.

Arzika